Akuyar Maman Istifanus

Shekara goma sha ɗaya ke nan ni ke yanka wa Maman Istifanus akuyar Kirsimeti. Maƙwabciyata ce a Kaura, katanga ɗaya ta raba mu. Musulmi take sawa ya yi yankan, don idan ta dafa kowa a layinmu ya ci ba tare da shakka ba.

Ɗanta Istifanus da nawa, Mus'ab, tare suka tashi. Mus'ab direba ne tsakanin Kaura da Shinkafi. Istifanus na bin sa yana koyon tuƙi.

Shekara uku da suka wuce, ranar jajibirin Kirsimeti, suka tafi Shinkafi sayo mata akuya. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su kusa da Kurya Madaro. Suka kora fasinjoji daji, suka cinna wa motar wuta. Gawa ɗaya muka tarar, a kujerar direba, ta ƙone ba a gane fuska. Muka ce Mus'ab ne, tun da shi ne direba. Kafin la'asar mun yi sallah mun rufe, kamar yadda muka saba. Da hannuna na sa shi a kabari.

Maman Istifanus ce ta zauna da matata har sadakar bakwai. Nata ɗan kuwa ba waya, ba labari. Danginta suka ce ta koma gida, ta ƙi. Duk Kirsimeti sai ta zuba masa shinkafarsa ta rufe. Ta ce min a ranar aka haifi Annabi Isa a baƙon gari, uwarsa ta rasa masauki, don haka ba a rufe wa matafiyi ƙofa.

Makon jiya ta ji cewa wani dattijo a Zurmi, Tambari, ya kuɓuto daga daji, kuma a motar nan aka kama shi. Ta roƙe ni in je in tambayo mata. Na je.

Yau da safe ta riƙe min ƙafafun akuya ina wasa wuƙa.

"Baban Mus'ab, tun da ka dawo kake kauce min. Me mutumin ya ce?"

"Ya ce bai ga Istifanus a dajin ba."

"To, wataƙila wani sansani suka kai shi. Yanka, rana na yi. Kai da jinkiri kamar jirgin ƙasan Kaura."

Na yi bisimilla na yanka. Gaskiya na faɗa mata, amma ban ƙarasa ba. Tambari ya ce saurayin da aka kora su tare shi ke ja musu sallah, har zazzaɓi ya kashe shi da damina. Sunansa Mus'ab, kuma kullum kukansa ɗaya: da ma ran nan bai ba abokinsa sitiyari ba.