Tambari Ɗaya Tak Daga Nijar

"Duba mini mu huta da wannan musun," in ji Maiwada, ya zube a kujera yana murza gwiwa.

Shekara goma sha huɗu yana tuƙi a wannan ofishin lauyoyi na unguwar Dira a ƙasar Larabawa, masu yi wa baƙi rajistar tambarin kaya. Ranar hutu kuma shi da matarsa su daka yaji, amininsa Laouali ɗan Maraɗi ya raba wa masu shaguna a kasuwar Utaiƙa. Kwana uku ke nan Laouali yana tsokanarsa, wai Nijar ta fi Najeriya wayewa a harkar tambari.

Mustapha magatakarda ya latsa kwamfuta. "Bana a ofishinmu, Kawu, Najeriya tara. Nijar ɗaya tak."

Maiwada ya yi dariya har da tari. "Ɗaya! Nuna mini shi, in ɗauki hoto in tura masa."

Mustapha ya juyo da kwamfutar. Jan turmi ne da taɓarya a jingine, an rubuta Yajin Hajar a ƙasa. Sunan mahaifiyar Maiwada ne, turmin kuma 'yarsa ce ta zana. Kullum cewa yake zai yi masa rajista in ya samu sarari.

"Mai shi wani Laouali ne," in ji Mustapha. "Ai kai ka kawo ambulan ɗin takardunsa. Ka manta?"

Bai manta ba. Har roƙon lauya ya yi a gaggauta, don aikin ɗan'uwansa ne.