Jijiyar Sa a Tukunyar Mama

Mama ta riga ta karkata tukunyar a bakin kwata sa'ad da autarta ta shigo a guje.

"Mama, binciken digirina ne! In kin zubar na faɗi!"

"Digirin wari? Jijiyar da ko kare ya ƙi?"

Auta ta marairaice. Injin makaranta ya lalace, shi ya sa ta tafasa jijiyar wuyan sa a gida, komai ya narke sai wani zare.

"Elastin sunansa," in ji auta. "Shi ke mayar da fata in an ja ta."

Mama ta dire tukunyar. Ta ɗaga riga, ta ja fatar cikinta, ta saki. Fatar ta yi zamanta, ko niyyar komawa babu.

"Ku bakwai kuka cinye nawa," in ji ta. "Ƙara wuta. Kason farko nawa ne."