Takalmin da Ya Ƙi Sakin Ɗalha

Labarin tafiyar Ɗalha daga Maiyama zuwa Aliero a daminar 1993 ya zo mini ta bakuna daban-daban. Na amince da na Malami mai ɗorin karaya, domin shi ne ya kwance ƙullin da hannunsa.

Ɗalha malamin firamare ne. Ya sayi keken tsere na gwanjo, wanda takalminsa ke da ƙarfe a tafi, mai shiga cikin feda ya kulle. Kafin mahayi ya tsaya, sai ya murɗa diddige waje. Lokacin koyo ya sha mantawa, kuma kowace faɗuwa a rigingine take ƙare masa.

Da safiyar ranar ya taka laka a ƙofar gida, ya hau da niyyar kewaya unguwa kawai. Matarsa Kande ta ce, "Malam, a hankali dai."

Da ya dawo ya murɗa diddigen dama. Bai fita ba. Ya gwada na hagu. Laka da tsakuwa sun cushe ƙarfen. Ya wuce gidan, ya hau titi.

Bai yi ihu ba. Bai sunkuya ya taɓa igiyar takalmin ba. Kowane rami sai ya kewaye shi, zufa mai ɗumi na jiƙa masa baya.

A Jega ya tarar da cunkoson motocin albasa. Ya ratsa tsakaninsu keken na rawa, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ku tare ni, don Allah." 'Yan tasha suka bi shi da kallo suna dariya.

"Kai malam, wanga sabon salo fa? Ina matar gidan?"

Ya ga irin hannayensu, ya tabbata fizgarsa za su yi. Sai ya miƙe hanyar Aliero, garin masu ɗori. In ƙashi zai karye, gara a ƙofarsu.

Cinyoyinsa sun soma ƙagewa lokacin da ya iso. Ya kewaya ƙofar gidan Malami, yana kiransa.

"Baba, ƙafafuna sun kulle. Faɗuwa zan yi. Ku tsaya bayana."

Malami ya ce, "Faɗa ta gefe, yaro, ka tsira da hannunka!"

Ɗalha bai bi shawarar ba. Ya matse birkin gaba, ya miƙa hannuwa biyu, ya kifa da ƙirji. An ji ƙarar wuyan hannunsa har cikin zaure. Bai motsa ba, fuskarsa a ƙasa, yana maimaita tambaya ɗaya: "Lafiya dai? Ku duba, lafiya dai?"

Waɗanda ke wurin su ne Malami mai ɗori, Garba mahauci, Arzika direban motar albasa, da Husna ɗiyar Ɗalha, 'yar shekara biyu, wadda Kande ta goya masa da zane don ya kewaya da ita unguwa, ba ta kuma farka ba sai da Malami ya kwance goyon.