Uban Da Ya Koya Maka

"Ja, Zohaib! Ja mana!" Haka nake ta yi wa ɗana ihu a kan rufin gidanmu a Lahore. Wasan jirgin takarda mai zare ake yi, kowa na ƙoƙarin tsinke zaren wani da nasa. Wanda jirgin takardarsa ya rage a sama yau shi zai wakilci unguwa a gasa. Saura biyu: namu da wani baƙi.

Mai baƙin ya ɓuya bayan tankin ruwan maƙwabta. Ba ya gaggawa. Ya sako zare, ya tsokane mu, ya janye. Raina ya ɓaci, na fizge zaren daga hannun Zohaib, na ja da ƙarfi. Tas! Namu ya tsinke, iska ta tafi da shi.

"Matsoraci!" na daka tsawa. "Fito in gan ka! Allah wadan uban da ya koya maka!"

Sai ga 'yata Mehwish, wadda shekara bakwai aikinta kawai naɗe mana zare, ta fito daga bayan tankin da zaren baƙin a hannunta.

"Abbu, daina zagin kanka," in ji ta. "Kullum kana gaya wa Zohaib kada ya ja zare cikin fushi. Ashe ni kaɗai nake saurara."