Makulli a Aljihun Maigida

Ƙarfe bakwai da rabi maigidan ya ja ƙofa, ya murza makulli sau biyu daga waje, ya jefa shi a aljihu. Matar ta tsaya a tsakiyar falo tana sauraren takunsa a matattakalar bene har ya ɓace.

Wata biyar ke nan ana wannan zama, tun da aka dawo daga bakin daga. Ya cire ƙararrawar ƙofa. Ya kwashe wuƙaƙen kicin ya kulle a akwati, ko albasa shi yake yanka mata kafin ya fita. Kujerar falo an matsar da ita inda mai zama zai ga ƙofa da taga lokaci guda. Kaki na rataye a bayan labule, ba mai taɓa shi, ba mai zancensa.

'Yarsu mai shekara huɗu tana wajen kakarta. Ranar da tayar wata mota ta fashe a titi, kafin ƙiftawar ido an fizgo yarinyar daga kan kujera an danne ta a ƙasa, ana ihun a kwanta. Da aka ɗaga ta, hannunta ya goce. Kakar ta zo ta goya jikarta, ta ce ba za ta dawo da ita ba sai gidan ya koma gida.

Wajen ƙarfe tara aka ƙwanƙwasa tagar kicin a hankali. Matar ta manne da bango kafin ta leƙa. Matar direba ce, sabuwar maƙwabciya, sati uku da tarewa a ɗakin da ke kusa.

"'Yar uwa, ni ban iya gani in yi shiru ba," in ji ta ta tsakanin ƙarafan taga. "Ko akuya ana kwance ta ta sha iska. Jiya da la'asar na ji komai ta bango, daga faɗuwar murfin tukunya har kokawar. Mu ga hannunki."

Matar ta ja hannun riga ta rufe, amma an riga an ga shatin yatsu a wuyan hannun.

"An ce mini gidan soja ne. Kawuna ma haka ya dawo, sai da matarsa ta bar masa gida. Wanda ya ga abin da suka gani, ba a zama da shi."

"Gaskiyarki," matar ta ce. "Ba a zama da shi."

"To ki haɗa kayanki. Da azahar maigidana zai dawo, akwai guduma a motarsa. Ya ɓalle ƙofar, ya kai ki gidanku."

Matar ta haɗa kayan. Zane uku, takalmi, hoton yarinyar. Ta ajiye jakar a bakin ƙofa, ta zauna a kanta. Ta ƙarƙashin ƙofar hayaniyar titi na shigowa, masu babur, mai walda, wani yana buga ƙarfe. Gumi ya jiƙa mata baya. Ta san idan ta tafi kowa zai huta. Ta kuma san ko an wangale ƙofar, ƙafarta ba lallai ta kai ta ƙasan bene ba.

Ba a kai azahar ba ta ji makulli na juyawa. Maigidan ne, ya dawo da wuri. Duk zafin da ake yi, ya ɓalla maɓallin rigarsa har maƙogwaro. Ya dubi jakar, ya dube ta.

"Ina za ki?"

"Inda za ka huta. Ka gaji, na gaji."

Ya durƙusa a gabanta, muryarsa a dishe. "Jiya saura ƙiris a fitar da gawa daga ɗakin nan. Na je asibitin tsofaffin sojoji, sun ce mu zo yau. Sau uku muna fasawa. Yau ba fashi."

"Za su ce hauka ne. Za su rubuta a takarda."

"Su rubuta. Ni 'yata nake so ta dawo."

Ya kama wuyan hannunta, daidai inda shatin yake, ya ja ta suka fita. Matar direba ta leƙo ta ƙofarta ta dafe ƙirji, tana kallon yadda ake jan baiwar Allah kamar za a kai ta mahauta. A titi bai sake ta ba ko sau ɗaya. Wani babur ya yi ƙara a bayansu, maigidan ya ƙara damƙe ta har ta ciji leɓe.

Ɗakin jiran asibitin cike yake da maza, kusan kowa ya ba bango baya, ido a ƙofa. Ba mace ko ɗaya sai wata tsohuwa da ta rako ɗanta. Magatakarda ya ɗago daga rajista, ya dubi faɗin kafaɗun maigidan da jajayen idanunsa, ya gyara zama.

"Oga, sannu da zuwa. Muƙami da lamba?"

Maigidan ya kwance maɓallin wuya don ya samu numfashi. Shatin yatsu goma ya bayyana a maƙogwaronsa, baƙi ƙirin.

"Ni tela ne, malam, ban taɓa riƙe bindiga ba," ya ce, ya matsa gefe a hankali, ya nuna matarsa. "Ga Sajan ɗin nan."