Karen Da Ya Ƙi Tsufa

Matashin likitan dabbobi ya sake duba sakamakon gwajin jinin, sannan ya dubi ƙaton karen da ke kwance a kan tebur.

"Kaka, irin waɗannan manyan ba su cika wuce shekara takwas ba. Gado ne, a jininsu yake. Amma wannan ya kai ashirin, zuciyarsa kuwa kamar ta ɗan kwikwiyo."

Tsohuwar da ta kawo karen ta gyara riƙon sandarta.

"Mahaifina ne ya fara kiwonsa, bai daɗe ba ya tsufa ya rasu. Yayana ya gaje shi, shi ma ya tafi. Yanzu ni."

"Allah ya jiƙansu, Kaka."

"Ka daina ce min Kaka, likita. Ajinmu ɗaya a firamare."

Karen ya ɗago kai, ya fara lasar hannun likitan.