Bindigar Hamma

Yazid ya durƙusa gaban Inna Zinariya, kakar Raihana, yarinyar da yake nema, ya miƙa mata wani tsohon hoto. So yake ta san shi ma jinin maharba ne, kamar marigayi mijinta Hamma. Yaran yanzu ke nan, sai sun yi burga.

Kakansa Dabo ne a hoton, yana saurayi, riƙe da bindiga. An datse gefe ɗaya da almakashi, sai ɗan hannu mai munduwa da ya rage a kafaɗarsa.

Yazid ya ce ya zaga da hoton har Katsina, an rasa mai sanin irin bindigar. Ba ta toka ba ce, ba kuma ta soja ba.

Inna ko kusantar da shi idonta ba ta yi ba. Ta ce irin wannan, zoben ƙarfe gare ta a ƙarƙashi, ka tura shi gaba ka dawo da shi, harsashi ya hau. Ta nuna da hannu, munduwarta ta yi ƙara. Ta ce ya duba gindin, zai ga jar fata da aka ɗinke tsaguwa da ita. Ya duba, ga ɗinki nan.

"Ni na ɗinka ta," in ji ta. "Ta Hamma ce. A dajin Babban Mutum aka tsinci gawarsa da harbi a baya, ba bindiga. Tashi ka fita."

Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, kowa jininsa a sama yake. 'Ya'yan Hamma suka kai ƙara. Aka mayar wa su Yazid da kayan neman auren Raihana, ta yi kuka har murya ta dushe, Inna ta ce ta sha ruwa ta ci gaba.

Aka ɗauko Dabo, tsoho tukuf, carbi a hannu. Alƙali ya tambaye shi inda ya sami bindigar. Sai Dabo ya tambaya ko Zinariya ce da bakinta ta faɗa. Aka ce ita ce. Daga nan bai ƙara furta komai ba.

Babu shaidu, aka sallame shi. Amma Daura ta riga ta yanke nata hukuncin. Ya shiga sahu, a matsa. Bai ga damina ba, masu binne shi ma ba su cika sahu ɗaya ba.

Ranar da aka binne shi Inna ta ci tuwonta tas, ta shiga ɗaki ta buɗe adudu. Ta ciro guntun hoto ta kara da na Yazid da ya bari ranar da ta kore shi, wurin datsar ya haɗu cif. Ita ce da ƙuruciyarta, tana dariya, hannunta a kafaɗar mutumin da ta kai wa bindigar tun bakin bindigar da ɗumin harbin da ta yi wa Hamma, shi kuwa ya je ya auri wata.